Wane Ƙamus Ne Zai Raba Wa Ɗalibi Kalmomin Turanci Masu Kama Da Juna?

Duk malamin Turanci da ya taɓa duba takardun 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Katsina ya san inda maki ke zubewa. Yaro ya rubuta loose alhali lose yake nufi, ko ya kira shugaban makarantarsu principle maimakon principal. Harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, amma ma'ana ta yi nisa. Don haka idan za ka shiga Babbar Kasuwa saya wa ɗanka ƙamus kafin WAEC ko JAMB, ka san ba kowane ne ke maganin wannan ciwo ba.

Wanda aka fi saurin miƙa wa mai saye shi ne ɗan ƙaramin na aljihu, saboda arha. Ni ban ba da shawararsa ba. Yana ba da ma'ana a kalma biyu ko uku ne kawai, babu jimlar misali, kuma jimlar ce ke nuna bambancin.

Sai ƙamusun Turanci zuwa Hausa. Akwai na Neil Skinner da kamfanin NNPC na Zariya ya buga, wanda iyayenmu suka yi karatu da shi, akwai kuma na Roxana Ma Newman na 1990. Suna da amfani sosai ga yaron da bai yi nisa ba, kuma ina ganin bai kamata gidan ɗalibi ya rasa ɗaya ba. Sai dai suna da iyaka. Duba advice da advise: dukansu za su kai ka ga shawara ne. Idan yaro bai lura cewa ta farko suna ce, ta biyu aikatau ba, zai rufe littafin yana ganin duk ɗaya ne. A kula kuma: na Bargery na 1934 da na Abraham ainihin aikinsu fassara kalmomin Hausa ne zuwa Turanci. Taska ce ga mai nazarin Hausa, amma ba su ne na wannan aikin ba.

Inda nake so kuɗinka ya tafi shi ne ƙamusun da aka rubuta musamman don masu koyon Turanci. Oxford Advanced Learner's, wanda A. S. Hornby ya assasa, ya fito tun 1948, bugu na 10 kuma a 2020. Kusan kowace kalma tana da jimlolin misali, kuma akwai 'yan akwatuna da ke jera kalmomin da ake rikitawa kafaɗa da kafaɗa, kamar affect da effect. Longman Dictionary of Contemporary English, da ya fara fitowa a 1978, yana bayani da sauƙaƙan kalmomi kusan 2,000, don kada yaro ya je neman ma'ana ya sake cin karo da wata kalmar da ta fi ta farko wuya. Ɗan ƙaramar sakandare zai fi jin daɗin Longman. Mai shirin shiga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko wanne ya samu ya wadatar. Dukansu suna bin rubutun Ingila, wanda makarantunmu ke bi, inda practice suna ce, practise aikatau. Merriam-Webster na Amurka ne, can kuwa practice ce duka biyun.

Manhajar waya tana da abu guda da takarda ba ta da shi: sauti. Mu Hausawa p da f kan haɗe mana a baki, sai pull ta koma full. Shafukan intanet na Oxford da Cambridge kyauta ne, kana dannawa ka ji furucin. Matsalar ita ce data da caji, da kuma cewa makarantun kwana da yawa ba sa barin waya.

Kafin ka biya, ka ce wa mai shago, "Alhaji, bari in duba." Buɗe stationary da stationery, sannan quiet da quite. Idan babu jimlar misali a ƙarƙashinsu, mayar masa. Ka kuma ɗaga shafi ɗaya ka duba, domin na jabu sun yi yawa: rubutu dishi-dishi, tawada ta ratsa baya, wani lokaci shafuka sun ɓace a tsakiya. Tsohon bugu na asali, ko da na hannu ne, ya fi sabon jabu, tunda ma'anar waɗannan kalmomin ba ta canja ba.