Suzuki ko Yamamoto: wace hanya ta dace da folima mai ba da haske?

Ƙanwata, kin tambayi hanyar da za ki bi ki haɗa sinadaran fuloren da benzotayadayazol ki sami folima (doguwar sarƙar ƙwayoyin sinadari) mai fitar da haske, ta Suzuki ko ta Yamamoto. Abin dubawa shi ne yadda kike so tubalan, wato sinadaran nan biyu, su jeru a cikin sarƙar.

A hanyar Suzuki, tubali ɗaya na ɗauke da buromin a bakinsa biyu, ɗayan kuma boron. Faladiyam ɗan ƙanƙani ke ƙulla su, cikin tolwin da ruwan fotasiyam kabonet. Mai buromin ba ya kama ɗan'uwansa, sai mai boron, don haka jerin na tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Haka ake yin F8BT, folimar fuloren da benzotayadayazol mai haske kore da ya karkata zuwa ruwan ɗorawa, mai tsawon zangon haske wajen nanomita 540. Amma fa tana da sharaɗi mai tsauri: tubalan biyu su zo daidai wa daida. Bisa lissafin Carothers, wanda ake ƙiyasta tsawon sarƙa da shi, in ɗaya ya gaza da kashi 2 cikin 100, tsawon sarƙar ba zai wuce tubali 99 ba, komai daɗewarki kina dafawa. Ni kaina na taɓa asarar mako biyu saboda tubalin boron da ban tace da kyau ba. A nan aikin yake: tacewa da awo.

Yamamoto ba ruwanta da wannan daidaito, domin duk tubalan buromin gare su. Sai dai Ni(COD)2, sinadarin nikel da take ci, ba kaɗan ba ne, kowane ƙulli sai da nasa nikel, ga tsada, kuma iska na kashe shi nan take. Jerin kuwa kara-zube yake fitowa. Ta fi amfani wajen yin PFO, folimar fuloren zalla mai shuɗin haske, ko yayyafa masa benzotayadayazol kaɗan.

In jeri tsararre kike nema, Suzuki zan ba ki. Ki rufe bakunan sarƙar bayan dafawa, ki wanke a na'urar tacewa ta Soxhlet, ki kuma cire ragowar ƙarfen, don yana dushe haske.

Wajen gwaji, GPC, gwajin auna nauyin sarƙa, in an saita shi da folistayirin, yakan nuna nauyi fiye da na gaskiya, saboda sarƙoƙin nan sandararru ne. Sannan in kore ya ɓullo wajen nanomita 530 a folimar da ya kamata ta yi shuɗi, wataƙila fuloren ne ya sha iskar oksijin ya koma fulorenon. Ki dubi NMR, gwajin da ke nuna tsarin sinadari, ki tabbatar da yawan benzotayadayazol kafin ki jingina masa koren.