Jidda ko Madina: ina ya fi sauƙin sauka don Umara?

Duk azumi sai an yi mini wannan tambayar, musamman masu raka iyaye.

Tantancewar dai iri ɗaya ce: a duba fasfo da biza, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Bambancin yana ga layi. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda ƙato ne, idan jirage suka sauka a jere sai tsayuwa ta gundure ka, ga ihrami a jiki, tunda a sama ake wuce miƙati. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana jin jiki a nan. Na Madina ƙarami ne, galibi layin ya fi tafiya, kuma da kayanka na gida za ka sauka. Ihrami sai a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina.

Amma Jidda ta fi yawan jirage, tikitinta kan fi samuwa, Makka kuma kusan kilomita 80 ce kawai. Daga Madina ta haura 400, sai doguwar mota ko jirgin ƙasa na Haramain.

Mai ƙarfi a jiki da kwanaki kaɗan, Jidda ta dace da shi. Mai tafe da tsofaffi ko yara, ya fara da Madina.