Gwajin insulin na doki: ɗiba ɗaya ko gwajin sukari?

Malam, ka ce dokinka ya tara kitse a saman wuya da gindin wutsiya, kuma ya taɓa yin ciwon kofato, wato laminaitis. An ɗebi jininsa sau ɗaya, sakamako ya nuna insulin ɗinsa, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, daidai yake. Kana tambaya ko ka tsaya a nan, ko ka nemi gwajin sukari. Shawarata ita ce ka nemi na sukarin.

Ɗiba ɗaya tana da sauƙi. Likitan dabbobi ya zo, allura ɗaya, an gama. Sharaɗinta shi ne kada doki ya ci hatsi awa 4 kafin a ɗiba, amma a bar masa busasshiyar ciyawarsa. Da can akan hana shi abinci dare guda, sai aka gane cewa yunwa na saukar da insulin har ta ɓoye cutar da ake nema, wato hauhawar insulin fiye da kima. Idan adadin ya wuce 50 µIU/ml (ma'aunin yawan insulin a jini), matsala ta tabbata. Tsakanin 20 da 50 kuwa akwai shakku. Inda ɗiba ɗaya take da rauni shi ne lokacin da ta fito ƙasa. Dawakai da yawa masu wannan cuta insulin ɗinsu ba ya tashi sai sukari ya shiga cikinsu, kuma wannan hauhawar ta bayan cin abinci ce ke lalata kofato. Don haka sakamako mai kyau daga ɗiba ɗaya bai wanke doki mai irin alamomin naka ba.

Gwajin sukari kuwa yana kwaikwayon cin abincin ne. A hana doki ci na awa 3 zuwa 6, sannan a ɗura masa ruwan sukarin masara mai kauri ta baki da sirinji, ml 0.15 a kan kowane kilo na nauyinsa. Doki mai kilo 500 ke nan zai sha ml 75. Sai a ɗebi jini bayan minti 60, a sake bayan minti 90. A wannan ma'auni, insulin da ya haura 45 alama ce ta cutar. Yana cin lokaci, dole likita ya zauna jira, kuma sai an sa ido sosai. Ka tsaya a gefen kansa ka dubi leɓensa: idan ya furzar, ko ruwan na dalala ta gefen baki zuwa haɓa, bai sha abin da aka auna ba, sakamakon kuma zai fito ƙasa da gaskiya. Ba a yin gwajin sukari lokacin da kofato ke cikin zafi, haka ma idan ɗiba ɗaya ta riga ta nuna adadi mai yawa babu dalilin ƙara masa sukari.

Abin da ya fi damuna shi ne, duka biyun suna lalacewa ta hanya ɗaya. Raɗaɗi da wahalar tafiya a mota suna canza adadin. Maganin kwantar da doki irin su xylazine da detomidine yana danne insulin, magungunan steroid kuma suna ɗaga shi, saboda haka ka faɗa wa likita duk abin da aka ba shi kwanan nan. Bayan an ɗiba, kada kwalbar ta wuni cikin zafin mota. A raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa da wuri, a sanyaya. Idan ruwan ya yi ja-ja maimakon launin rawaya-rawaya, ƙwayoyin sun fashe, kuma hakan na rage insulin. Gara a sake ɗiba. Ɗakunan gwaji ma ba na'ura ɗaya suke amfani da ita ba, adadin da na ambata na iya bambanta daga wuri zuwa wuri. Ka riƙe ɗakin gwaji ɗaya, ka nemi ma'auninsa.

Ba ka faɗi shekarunsa ba. Idan ya kai 15, ko gashinsa ya yi tsawo ba ya zuba a kan lokaci, a haɗa da gwajin ACTH, wani sinadari a jini, don duba cutar Cushing, wadda ke sa sinadarin ya yi yawa. Wannan gwajin kwalbar EDTA yake so, wato mai maganin hana jini daskarewa, a sanyaya cikin awa 3, a kuma rubuta ranar ɗiba, domin a arewacin duniya ACTH na tashi da kansa daga Agusta zuwa Oktoba ko da dokin lafiyarsa ƙalau.