Ƙamusun Oxford na masu koyo: yadda ya yi da "fierce" da "ferocious"

Wanda zai sayi Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 da ya fito a 2020, ya fara buɗe shafin "fierce" kafin ya biya. A nan ake gane ko ƙamusu ya san aikinsa. Wannan ya sani.

Ya raba kalmar gida uku. Na farko dabba ko mutum mai faɗa, irin karen da ke kai cizo. Na biyu tsananin ji ko na aiki, kamar gasa mai zafi ko biyayya ta ƙin ƙarawa. Na uku yanayi, wato iska mai ƙarfi ko rana mai ƙuna. Ɗalibin da ya haddace "mafaɗaci" kaɗai zai ɗauka zagi ne in ya ji an ce uwa tana da "fierce love" ga 'ya'yanta, alhali yabo ne. Misalan da ke ƙarƙashin kowace ma'ana su ke warware wannan, kuma su ne ainihin abin da kuɗinka ya saya.

"Ferocious" ta fi nauyi. Ta fi zama da zaki, da hari, da faɗan da ba sassauci, kuma ba kasafai ake yabon mutum da ita ba. Ita siffa ce, sunan da ake samu daga gare ta shi ne "ferocity", kuma nan malamai su kula: wasalin tsakiya yana canzawa tsakanin siffar da sunan. Shafin intanet na ƙamusun kyauta ne, akwai murya iri biyu, ta Ingila da ta Amurka. A ta Ingila ba a furta "r" ɗin "fierce", a ta Amurka ana furtawa. Danna sau biyu, ka maimaita da baki.

Raunin ƙamusun shi ne babu Hausa ko kalma ɗaya. Bayanin kuma yana jingina da "aggressive" da "violent", to ɗan aji ɗaya a sakandare sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gare shi, a haɗa masa da ƙamusun Turanci da Hausa.

Na bugawa kuwa, a duba takardar da kyau. Kwafin jabu ya cika kasuwa, tawadarsa ta kan dushe har alamomin furuci su ɓace.