Gargaɗi: mutumin da ya cinye min Naira 640,000 da sunan tafiyar Zanzibar

Jama'ar Abuja, ku karanta wannan kafin wani ya sake faɗawa hannunsa. Naira 640,000. Adashin wata 8 ne, 80,000 duk wata nake zubawa, ranar da na kwasa ko Umma ban saya wa turmin atamfa ba, na ɗauka na tura wa wani mutum mai ofis a wata filaza a Wuse 2.

Na san abin da wasu za su ce, wai wa ya aike ni yawon buɗe ido ni kaɗai da jakar goyo. Umma ma ta faɗa, na ji. Amma kada wanda ya ce min wawa. Biza da kaina na nema a intanet, don na san mai fasfon Najeriya sai hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta yi masa bincike na musamman kafin ta amince, na yi haƙuri na jira. Tikitin jirgin sama ta Adis Ababa zuwa Dar es Salaam da kaina na saya. Katin rigakafin shawara yana hannuna tun tuni. Abin da na bar masa kawai masauki na kwana 6, tikitin jirgin ruwa, inshorar shiga tsibirin da ɗan jagora. Shi ke nan fa.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da na je ofishin. Na ciro waya zan tura kuɗin, sai aka kira la'asar. Ya dafa hannuna ya ce, "Ƙanina, ajiye wayar nan, kuɗi ba sa gudu, mu yi salla tukuna." Ya miƙo min butarsa. Shi ya ja mu. Bayan sallama ya juyo ya ce, "Ni burina in ga ɗan Arewa ya fita ya ga duniya." Ku gaya min, wa zai zargi mutumin da ya hana shi biyan kuɗi? Shi ya ce in ajiye wayar! Ina ta juya wannan a raina, butar nan shuɗiya har yanzu ina ganinta. Da ya ba ni lambar asusu na ga sunan mutum ne ba na kamfani ba, na tambaya, wallahi na tambaya. Ya ce asusun kamfanin na da matsala da banki, na ƙaninsa ne. Na tura 640,000.

A tashar jirgin ruwa ta Dar es Salaam aka fara. Mai duba tikiti ya haska takardar da ya turo min sau uku, ya girgiza kai. Na sayi sabo dala 35. Tafiyar kusan awa 2 ce, mutane na ɗaukar hoton teku, ni ina kiran lamba. Au, na manta, tun a Adis Ababa na kira shi ya ɗauka, har da dariya, "Ƙanina, yaronmu na can yana jiranka da allo mai sunanka." Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. A'a, akwai saƙon murya ɗaya washegari, wai matsalar sabis ce in ƙara haƙuri. Ina da shi, zan saka.

Inshorar ma ta bogi ce. Tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44, a shafinsu ake saye, minti kaɗan. Mutumin nan ya caje ni 120,000 a kanta, ya haɗa takarda a kwamfuta ya ba ni. Na sake biyan dala 44 a tsaye, layi na bayana suna kallona.

Ba yaro, ba allo. Wanda ya san Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ya san lungunanta, mota ba ta shiga yawancinsu, kowane kamar ɗan'uwansa, ga zafi ga jaka a baya. 'Yan kamashon nan da mutanen garin ke kira papasi, wato kaska, suka manne min, kowa na da ɗaki mai araha. Da ƙyar na gano masaukin. Matar da ke kanta ta duba littafi ta duba kwamfuta, babu sunana, ba su ma taɓa jin sunan mutumin ba. Wani dattijo na samu a masallaci bayan magariba, da guntun Larabcina da nasa muka fahimci juna, ya raka ni wani gida kusa da kasuwar Darajani, ko shilin ɗaya bai karɓa ba. Daren nan a Forodhani, dandalin bakin teku da ake sayar da abinci da dare, na zauna da ruwan rake a hannu, ƙamshin gasasshen kifi ko'ina, na kasa cin komai.

Na je Nungwi, wani gari na bakin teku, a motar hayar da suke kira daladala, na fasa zuwa tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru don kuɗin sun tafi, kunkurun da ya nuna min bidiyonsu a ofis yana cewa abokansa ne. Kwana 4 na yi maimakon 6.

Da na dawo, daga filin jirgi Wuse na wuce kai tsaye. Shagon yanzu caja da murfin waya ake sayarwa. Mai gadin ya ce, "Oga, kai ne na uku." Haya ta wata 2 kawai ya biya. Na kai ƙara, na ba da rasit da lambar asusun.

Kar ku tura kuɗin tafiya asusun mutum, ku kira masaukin da kanku kafin ku biya.

Hotunan hirarmu da rasit na 640,000 zan saka su da daddare in na rufe sunan mai asusun, don an ce min ƙila shi ma aron asusunsa aka yi. Sauran mutum biyun nan, in kun ga wannan ku yi min magana ta akwatin saƙo.