Taya ta ƙi zama a rim: a ƙara iska ko a sace ta?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya: ya canza tiyub a ƙafar baya ta kekensa, ya buga iska, amma da ya juya wili sai ya ga taya tana tsalle a wuri ɗaya. Mutum ɗaya ya ce masa ya ƙara iska har ta zauna, wani kuma ya ce ya sace iskar tukuna. Wa zai bi?

Malam, kowannensu yana da gaskiya, sai dai ba matsala ɗaya suke magana a kai ba. Taya na iya nutsewa cikin rim, tana kuma iya tasowa sama da shi, kuma maganin ɗayan shi ne ke fasa tiyub a ɗayan. Kafin ka taɓa famfo, duba gefen tayar, dab da leɓen rim. Akwai siririn layi da aka yi tayar da shi, ya zagaye ta gaba ɗaya. Ɗaga keken, juya wili a hankali, bi layin da ido ta ɓangarorin biyu. Idan taya ta zauna daidai, tazararsa da leɓen rim ɗaya ce ko'ina.

Idan layin ya ɓace ya shige ƙasan leɓe a wani wuri, nutsewa ce. Bakin tayar, wato inda wayar take, ya maƙale a kwarin tsakiyar rim bai hau kafaɗar da ya kamata ya zauna ba. Yawanci bushewa ce ke jawo haka, roba ta kama ƙarfe ta ƙi zamewa, musamman sabuwar taya. Wani lokacin kuma tef ɗin da ke rufe kawunan wayoyin wili ne ya yi kauri, ko ya karkace ya hau kafaɗar ya tare wurin. A nan iska tana taimakawa, amma ba ita kaɗai ba. Sace iskar har taya ta yi laushi, ka ɗiga sabulun wanke kwanuka kaɗan a kofin ruwa, ka shafa da soso tsakanin bakin taya da rim, ɓangarorin biyu, ba wurin da ya nutse kawai ba. Buga iska zuwa psi 15 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne da agogon famfo ke nunawa), wato kusan 1 a ma'aunin "bar", ka tsaya. Kama tayar da tafin hannu biyu a wurin, ka murɗa ta waje kamar za ka ɓare ta daga rim. Sannan ka ci gaba da bugawa kaɗan-kaɗan kana dubawa. Sau da yawa za ka ji "ɗas", alamar bakin ya hau ke nan. Iyakarka ita ce lambar da aka rubuta a gefen tayar, ko ta rim idan ta fi ƙanƙanta. Rim na zamani marar ƙugiya a leɓe ba a wuce masa psi 72.5. Idan ka kai iyaka ba ta hau ba, sace ka sake, ka duba tef ɗin, ko ka bar tayar a rana ta ɗan yi laushi.

Kada ka sa baƙin mai ko giris a madadin sabulu. Sabulu yana bushewa ya bar taya ta kama, shi kuwa mai yana nan, yana lalata roba, yana sa taya ta riƙa zamewa a kan rim in an taka birki har ta ja tiyub ta yage gindin bawul, ga kuma ɓata wurin da birki ke kamawa. Filaya da sukudireba su ma a ajiye su.

Idan kuwa layin ya yi sama ya nisanci leɓe, ko ka ga kumburi, ko har kana hango bakin tayar, to tasowa ce, kuma wannan ya fi haɗari. Sace iskar nan take. Abin da ya fi jawo shi tiyub ne da ya shiga ƙarƙashin bakin taya. Duk bugun da ka ƙara, tiyub ɗin yana ɗaga tayar ne har ya fito ya fashe. Sabulu ba shi da aiki a nan, ƙara zamewa ma zai yi. Da iskar ta fita, matse tayar da yatsu ka tura ta ciki, ka leƙa cikin rim ka zagaye wili gaba ɗaya. Tef kawai ya kamata ka gani. Duk inda ka ga tiyub ya leƙo, mayar da shi cikin taya. Sa wa tiyub iska kaɗan tun kafin ka saka shi, ya ɗan yi zagaye, yana hana wannan tun farko.

Tasowa a daidai bawul tana da nata dalili. Gindin bawul yana da roba mai kauri, shi ke zama ƙarƙashin bakin taya. Kwance notin bawul, tura bawul ɗin ciki sosai, danna bakin taya ya faɗa wurinsa, sannan ka jawo shi waje. Kada ka ɗaure notin sai bayan ka gama buga iska, kuma da yatsa kawai.

Akwai inda dabarun biyu duk ba su aiki, shi ne in girman bai dace ba. Lambar inci tana yaudara sosai, don haka nemi lambar da ke kamar 37-622 a gefen tayar: ta farko faɗin taya ne, ta biyu faɗin da'irar da bakin ke zama, duk a milimita. Abin da ake kira inci 28 yana iya zama 622 ko 635. Inci 27 shi ne 630. Inci 26 ya fi rikici, akwai 559 na keken hawan dutse da 590 da wasu, haka inci 20 akwai 406 da 451. Tayar 630 tana hawa rim na 622 cikin sauƙi, amma ba za ta taɓa kamawa ba, tasowa za ta yi. Ta 622 a kan 630 kuwa da ƙyar ma ta shiga. Idan sabuwar taya ka saka, kwatanta lambarta da ta tsohuwar da ka cire.

In girman ya dace amma wuri ɗaya ne kullum ke ba da matsala, yi masa alama da alli a taya da kuma a rim, ka cire tayar ka juya ta rabin zagaye ka mayar. Idan matsalar ta bi alamar taya, wayar bakin ce ta lanƙwashe ko ta tsinke, galibi wajen cirewa da ƙarfe, kuma wannan tayar sai canji. Idan ta tsaya a alamar rim, leɓen ne ya lotsa ko ya buɗe. Haka nan in ka kalli rim ɗin kansa kusa da robar birki ka ga shi ma yana hawa da sauka, ba laifin taya ba ne, wilin ke buƙatar a daidaita masa wayoyi.