Tikka T3x Lite ko Ruger American? Ga wadda zan ce ka ɗauka

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaye ni wace bindigar farauta za ka saya tsakanin Tikka T3x Lite da Ruger American. Tunda dala 1,200 ce a hannunka, kuma elk, wata babbar dabbar dawa mai kama da barewa, ta duwatsun jihar Colorado a Amurka kake nufi, ɗauki Tikka T3x Lite mai cin harsashin .308 Winchester. Maganar babban harsashin nan .300 Win Mag da ka kawo kuwa, ka ajiye ta gefe tukuna, zan gaya maka dalili.

Tawa Tikka shekara biyar ke nan tana hannuna. Kamfanin Sako ne ke ƙera ta a garin Riihimäki na ƙasar Finland, kuma wannan samfurin na T3x a 2016 ya fito. Nauyinta tsirara kusan kilo 3 ne. Da na ɗora mata madubin saiti da igiyar rataya, na loda harsashi uku, sai ta tasam ma kilo 4. A kanti ba za ka ji bambancin rabin kilo ba. Ranar da ka tashi da asuba kana hawan tudu a wurin da ya kai mita 3,000 sama da teku, numfashi na yi maka wuya, ranar za ka san darajar kowane giram.

Abin da ya sa nake ƙaunarta ya faru ne a yankin duwatsun Flat Tops na Colorado, cikin watan Oktoba, a shekarata ta biyu da ita. Kwana uku muna yawo ni da wani abokin aikina ba mu ga komai ba sai sawu da kashi. Rana ta huɗu dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, yatsuna sun ƙage cikin safar hannu. Hantsi bai gama dubawa ba sai ga garke ya ɓullo daga cikin itatuwa, tsakaninmu kamar mita 180. Na kwanta, na ɗora bindigar a kan jakata, na yi bisimilla, na taɓa kunama. Macen da na saita ta yi taku kaɗan ta faɗi. Abin da ban manta ba shi ne yadda na ja sakatar bindigar na sake loda wani harsashin da wannan ƙagaggen hannu, ba tare da na ɗauke ido daga madubi ba. Sulɓi kawai take yi, kamar an zuba mata man shanu. Da na isa na tarar da sauran rai, na yanka. Sawu huɗu muka yi muna kwaso nama a baya zuwa mota, kuma a kowane sawu sai na gode wa Allah da ba ƙatuwar bindiga na ɗauko ba. Naman nan ya kai mu har bayan azumi, maƙwabta ma sun samu rabonsu.

Kunamarta ana iya daidaita ta tsakanin kilo 1 zuwa 2, kuma tana sakin harbi tsaf, babu jan ƙafa. Kamfanin ya yi alkawarin harbi uku za su taru cikin kusan inci ɗaya a yadi 100, tawa kuma ta cika alkawarin da harsashin kanti na yau da kullum. Abu ɗaya da za ka sani tun yanzu, gidan harsashinta na ƙari yana da ɗan tsada, don haka ka riƙe wanda ya zo da ita da kyau a daji.

Ruger American fa? Tana harbi daidai, ba ta fi Tikka nauyi ba, kuma za ta bar maka dala ɗari biyu zuwa uku a aljihu. A Amurka ake ƙera ta, ta shigo kasuwa tun 2012, sabon samfurinta na biyu kuma ya zo da gyare-gyare. Idan kuɗin ya ƙi kaiwa, saye ta, za ta kashe elk. Iyakar abin da zan ce ke nan a kanta.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni, domin zaɓen harsashi ya fi zaɓen sunan kamfani muhimmanci. Kafin Tikka, bindigata ta farko marar nauyi ce mai cin .300 magnum. Na saye ta ne saboda kowa na cewa elk babbar dabba ce, sai da babban harsashi. Gaskiya ne babba ce, namijin kan kai kilo 300, wato ya kai gwanki ko ya ɗara. Amma babu wanda ya gaya mini cewa duk nauyin da aka rage wa bindiga, kafaɗar mai harbi ce ke biyansa. Shurin .300 Win Mag ya kai ninki ɗaya da rabi na .308 a bindigogi masu nauyi ɗaya, to ina ga an saka shi a cikin marar nauyi. Harbi goma a filin gwaji, kafaɗata ta yi tsami. Mafi muni, jikina ya koyi tsoronta. Kafin harsashi ya fita na riga na runtse ido na fizgi kunama, harbin ya bi ƙasa. Sai da na shafe watanni ina atisaye da ƙaramar bindiga mai cin .22 kafin wannan ɗabi'ar ta bar ni. Ga kuma tsadar harsashi, wadda ta sa ba na yawan zuwa gwaji, alhali yawan gwajin shi ne maganin matsalar.

Shi .308 tun 1952 yake kasuwa, kuma duk ƙauyen da ka shiga a Amurka, muddin akwai kantin kayan farauta, za ka same shi. Idan ka manta kwalinka a gida, ba ka yi asarar tafiya ba. Nemi mai nauyin giren 165 ko 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), irin wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki. Zuwa mita 300 ya ishi elk, kuma mai fara farauta ba shi da dalilin harbin abin da ya wuce haka. Dabbar da aka raunata ta gudu ta mutu a wani kwari, alhaki ne a wuyan wanda ya harbe ta. Na san samari yanzu harsashin 6.5 Creedmoor suke yayi, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Shurinsa ya fi sauƙi, kuma ya cika sharaɗin Colorado, inda doka ta ce faɗin harsashi kada ya gaza milimita 6, nauyinsa kuma ga elk kada ya gaza giren 85. Da barewa kaɗai za ka nema da na ce bismillah. Ga elk na fi natsuwa da harsashi mai nauyi. Idan ka tarar da Tikka mai .30-06 a farashi mai kyau, ita ma ɗauka, ƴar'uwar .308 ce, sai dai ta ɗan fi ta shuri.

Kasafin kuɗin kuwa, ka ware kamar 800 zuwa 900 na bindiga, abin da ya rage ka zuba a madubin saiti da maƙalansa. Mai ƙara girma daga 3 zuwa 9 ya wadatar, na Leupold ko Vortex masu matsakaicin farashi. Kada ka sayi bindiga marar nauyi sannan ka ɗora mata ƙaton madubi mai kusan kilo guda, ka rusa abin da ka biya kuɗi dominsa. Kuma kada ka tsuke hannu wajen maƙalai, domin madubin da ke motsi ba ya riƙe saiti. Kuɗin harsashin gwaji ka nemo shi daban, aƙalla kwali uku kafin lokacin farauta, kuma ka yi harbin a zaune da durƙushe da kwance kan jaka, tunda babu tebur a daji.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, ka yi hattara da masu sayarwa. Waccan .300 ɗin a kasuwar baje kolin bindigogi na saye ta hannun wani mutum da ya rantse mini kwali ɗaya kacal aka taɓa harbawa da ita. Da na kai wa mai gyaran bindiga ya leƙa cikin bututun da na'urarsa, sai ya nuna mini mafarin bututun duk wuta ta cinye shi. Idan za ka sayi ta hannu, ka ce sai mai gyara ya duba, wanda ya ƙi yarda ka bar masa kayarsa. A intanet abin ya fi haka muni. Za ka ga hoton Tikka sabuwa fil a rabin farashi, mai ita ya ce ka tura kuɗi ta manhajar Zelle ko katin kyauta ko kirifto. Babu bindiga, hoton wani ya sata. Haka madubai, akwai na jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, har kwalin ya yi kama da na asali. Saya a wurin dila mai lasisin tarayya, ka cike takardar sayen bindiga ta gwamnati, wato fom 4473, da hannunka, a binciki tarihinka. A Colorado ko tsakanin mutum da mutum ne sai an yi wannan binciken, kuma akwai jiran kwana uku kafin a miƙa maka. Duk wanda ya ce zai sayar maka babu takarda, ko ya ce ka saya masa da sunanka, gidan yari yake nema maka. Idan kuma biza ce gare ka ba katin zama na dindindin ba, dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga sai da wasu sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shi ne lasisin farauta mai aiki, saboda haka ka fara da wannan.

Lasisin kansa galibi ba za a ba ka ba sai ka nuna shaidar kwas ɗin koyar da mafarauta, wanda Colorado ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949. Yi rajistarsa yanzu, kujeru kan cika idan kaka ta gabato. Ka haɗa da riga da hula masu ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, doka ce a lokacin farautar bindiga. Idan Tikka ɗin ta iso ka yi mini magana, mu je filin gwaji tare mu daidaita mata saiti a yadi 100.